Daga INTP Zuwa ISTJ: Hali Ne Ya Sauya Ko Basira Ce Ta Ragu?

Tambaya: Malam, ina ɗan shekara 19 na yi gwajin nan na intanet da ke kasa halayen mutane gida goma sha shida, ya ce ni INTP ne. Yanzu shekaruna 36, na sake yi, sai ya ba ni ISTJ. Na sha cin karo da rubuce-rubucen da ke cewa masu harafin N, musamman INTP da INTJ, su ne suka fi kowa kaifin basira. Ke nan basirata ce ta ragu? Kuma da gaske hali yana sauyawa idan shekaru sun ja, ko gwajin ne ba shi da tabbas?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Sauyawar waɗannan haruffa ba ta ce komai ba a kan kaifin ƙwaƙwalwarka, domin gwajin bai auna basira ba tun asali. Ka tuna irin tambayoyin da ya yi maka: ka fi son kaza ko kaza, wanne ya fi maka daɗi, yaya kake a cikin taro. Ko matsala ɗaya bai ajiye maka ya ce warware ba. Ra'ayinka a kan kanka ya tattara ya mayar maka. Duk da haka ba zan sallame ka da wannan kaɗai ba, saboda akwai ƙamshin gaskiya a abin da ka karanta, kuma ɗan ƙamshin nan ne aka kambama har wasu suke raina kansu a kan harafi guda. Abin yana damuna ƙwarai, don matashi mai hazaƙa yana iya karaya da karatu kawai saboda an ce masa shi S ne.

Mu fara da gwajin kansa. Tushensa littafin da Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar a 1921 a kan nau'o'in halin ɗan Adam. Jung ya gina ra'ayinsa a kan abin da ya lura da shi a wurin marasa lafiyarsa da abin da ya karanta, bai yi ƙididdiga ba. Wasu mata biyu a Amurka, Katharine Cook Briggs da 'yarta Isabel Briggs Myers, su suka mayar da ra'ayin jerin tambayoyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka buga shi a 1962, ake kiransa MBTI. Yawancin gwaje-gwajen kyauta da ke yawo a intanet haruffansa kawai suka ara. Shafin 16Personalities har harafi na biyar yake ƙarawa, A ko T, wanda babu shi a na asali.

Haruffan zaɓi huɗu ne, kowanne tsakanin abu biyu. E ko I: cuɗanya da jama'a ce ke ƙara maka kuzari, ko keɓewa. S ko N: hankalinka ya fi kama abin da ke gabanka a zahiri, wanda ake gani a taɓa, ko ya fi tafiya ga ma'anar da ke bayan abu da abin da ka iya kasancewa. T ko F: wajen yanke hukunci ƙa'ida da hujja ka fi dubawa, ko yadda abin zai taɓa zukatan mutane. J ko P: ka fi son a tsara abu a rufe shi, ko a bar ƙofa a buɗe.

Matsala ta farko ita ce wannan rabon gida biyu. Idan aka auna dubban mutane a kan kowane zaɓi, ba a samun 'yan S sun tattaru a nan, 'yan N a can. Jama'a a tsakiya suke cunkushewa, 'yan kaɗan ne a gefe da gefe, sai gwajin ya ja layinsa a daidai inda cunkoson ya fi yawa. Kamar a ce duk wanda ya kai santimita 170 dogo ne, wanda ya tsaya a 169 gajere ne, sannan a haɗa mai 171 da mai 195 a gida ɗaya. Ɗauki wanda ya amsa tambaya ashirin a kan S da N, sha ɗaya suka karkata ga N, tara ga S. An rubuta masa N. Bayan wata ɗaya ya dawo, ranar ya wuni yana fama da lissafin aiki, amsa biyu suka canza, ya koma S. Mutumin yana nan yadda yake, amma sakamako ya ce ya zama wani dabam. Shi ya sa David Pittenger, a sharhin da ya yi wa gwajin a 1993, ya nuna cewa kusan rabin waɗanda suka maimaita shi bayan mako biyar kacal suna iya fitowa da wani nau'i. Mako biyar fa. Kai tsakanin gwajinka biyu shekara 17 ce.

Masu binciken hali a jami'o'i sun fi aiki da wani ma'auni da ake kira Manyan Halaye Biyar. Shi ba ya kasa mutane gida-gida, maki yake bai wa kowa a kan abu biyar: son jama'a da kuzari, sauƙin kai da tausayi, himma da tsari, saurin damuwa, sai buɗaɗɗen tunani, wato son sanin sabon abu da jin daɗin zurfafa tunani. A 1989 Robert McCrae da Paul Costa suka ba mutane ma'aunan biyu suka gwama sakamakon. Suka tarar E tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da son jama'a, N da buɗaɗɗen tunani, F tana da alaƙa matsakaiciya da sauƙin kai, J kuma da himma da tsari. Saurin damuwa ne kawai MBTI bai taɓo ba. Riƙe wannan, domin mafi yawan abin da aka tabbatar a kan shekaru da basira da ma'aunin biyar ɗin aka gano shi, kuma ta wannan hanyar za mu mayar da shi kan haruffanka.

To, hali yana sauyawa? Muna cewa hali zanen dutse, kuma William James, ɗaya daga cikin iyayen wannan ilimi a Amurka, ya faɗi makamancin haka a 1890: a ganinsa idan mutum ya kai talatin halinsa ya daskare, ba zai sake laushi ba. Bincike ya gaskata rabin maganar. Abu biyu ne ake cakuɗawa. Na farko matsayinka a tsakanin sa'anninka: idan kai ne mafi surutu a ajinku, har yanzu kai ne bayan shekara ashirin? Na biyu kuma inda dukkanku kuka dosa gaba ɗaya.

A kan na farko, Brent Roberts da Wendy DelVecchio sun tattara bincike 152 da aka yi ta bin mutane ɗaya na tsawon lokaci, suka fitar da sakamako a 2000. Ana auna irin wannan alaƙa da lamba daga 0 zuwa 1: 0 babu alaƙa sam, 1 ba abin da ya motsa. Da tazarar kusan shekara bakwai tsakanin awo biyu, sun samu 0.31 a ƙuruciya, 0.54 a shekarun jami'a, 0.64 a wajen shekara talatin, sannan kusan 0.74 tsakanin hamsin da saba'in. Hali yana kafuwa ne sannu a hankali, kuma ko a tsufa bai daskare gaba ɗaya ba. Gwajinka na farko ya faɗo a shekara 19, lokacin da bai gama zama ba.

A kan na biyu, Roberts ɗin dai da Kate Walton da Wolfgang Viechtbauer sun haɗa rukunin mutane 92 da aka bi shekara da shekaru, a 2006. Abin da ya fito fili shi ne tsakanin shekara 20 da 40 ake samun sauyi mafi girma. Himma da tsari suna ƙaruwa, saurin damuwa yana raguwa, mutum yana ƙara iya tsayawa a gaban jama'a ya faɗi ra'ayinsa gaba gaɗi. Sauƙin kai ya fi bayyana bayan an manyanta. Buɗaɗɗen tunani yana tashi a samartaka, ya daɗe a wuri ɗaya, sannan ya ɗan sauka a tsufa.

Yanzu dubi haruffanka. I tana nan, T tana nan. Biyu ne suka motsa, kuma ɗaya daga cikinsu, P zuwa J, ita ce ainihin hanyar da yawancin 'yan Adam ke bi a daidai shekarun da ka ratsa. Kana ɗan sha tara aka tambaye ka ko kana tsara ranarka tun da safe, ko kana gama aiki kafin wa'adi, ka ce a'a, kuma gaskiya ka faɗa. Wa ya dogara da kai a lokacin? Idan ka makara, kanka ka cuta. Yau akwai mai jiran aikinka kafin ya fara nasa, akwai kuɗin da aka gama lissafa su tun ba su shigo ba, wataƙila akwai yaron da dole a kai shi makaranta kafin a rufe ƙofa. Da aka sake yi maka tambayar ka ce e, nan ma gaskiya ka faɗa. Masana sun yi ta muhawara ko wannan girman daga halitta yake ko nauyin rayuwa ne ke kawo shi. McCrae da Costa sun karkata ga halitta, suna kafa hujja da cewa an ga irin wannan bambanci tsakanin matasa da manya a Jamus da Italiya da Fotugal da Kuroshiya da Koriya ta Kudu, duk da nisan al'adunsu. Wiebke Bleidorn da abokan aikinta kuwa, a binciken ƙasashe 62 da suka fitar a 2013, sun ga cewa a ƙasashen da matasa ke kama aiki da wuri, natsuwa da himma ma da wuri suke zuwa. A ganina duka biyun suna da hannu, amma nauyin da aka ɗora wa mutum ba ƙaramin kaso yake da shi ba.

N zuwa S fa? Nan na fi taka-tsantsan, domin shekara 36 ba lokacin da buɗaɗɗen tunani ke faɗuwa sosai ba ne. Abin da na fi zato, tun farko kana kusa da layin tsakiya. Ka ɗan leƙa ɓangaren N a shekarun da rayuwa take cike da karatu da muhawara, yanzu da hidimar yau da kullum ta cika maka rana sai ka ɗan leƙo ɓangaren S. Akwai kuma mai amsa tambayoyin da idon ma'aikaci, yana faɗin yadda yake a ofis, akwai wanda da harshen da ba nasa ba yake amsawa, kalma ɗaya ta karkatar da shi. Idan kana da sakamakon biyu a ajiye, duba kason da aka rubuta a ƙarƙashin kowane harafi. Daga 55 cikin ɗari N zuwa 55 cikin ɗari S taku ne ƙanƙani.

Masu riƙo da MBTI za su ce maka nau'inka na gaskiya ba ya canzawa, sai dai a tsakiyar rayuwa mutum yakan fara raya ɓangarorin da ya yi watsi da su a ƙuruciya. Ra'ayin daga Jung ya samo asali, kuma yana da daɗin ji. Sai dai da aka nemi shaidar jerin matakan da suka ce kowane nau'i yana bi, ba a samu abin kamawa ba, kamar yadda James Reynierse ya nuna a 2009.

Mu zo kan basira, inda hankalinka ya fi tashi. Gaskiya ne an sha samun cewa masu N, a jimlace, suna ɗan fin masu S maki a gwajin basira. Alan Kaufman da abokan aikinsa sun ga haka a 1996 da suka gwada mutum fiye da dubu, daga matasa har tsofaffi. Uğur Sak, masani ɗan Turkiyya, ya tattara bincike 14 a kan ɗaliban da aka ware a matsayin masu baiwa, a 2004, ya tarar kusan bakwai cikin goma N ne, alhali a cikin jama'ar Amurka masu N kashi ɗaya ne cikin huɗu da ɗan ɗoriya. Daga irin waɗannan alƙaluma maganar da ka karanta ta fito.

Amma bari mu yi lissafin tare. Mu ƙaddara muna da mutum dubu. Waɗanda makin basirarsu ya kai 130 zuwa sama (matsakaicin maki 100 ne) kusan biyu ne cikin ɗari, mu ce mutum 20. Idan bakwai cikin goma N ne, 14 ke nan, shida kuma S. Masu N a cikin dubun nan kusan 270 ne. To 14 daga cikin 270 kusan biyar ne cikin ɗari. Wato cikin kowane mutum ɗari da gwaji ya ba su N, 95 ba sa cikin wannan sahu. Wanda ya ce yawancin masu baiwa N ne bai yi ƙarya ba. Wanda ya juya maganar ya ce ni N ne, don haka ina da baiwa, ya yi kuskuren lissafi. Kuma mutum shidan nan masu S, da wuya ka ga an ambace su a rubuce-rubucen intanet.

Idan muka koma ga ma'aunin biyar, inda aka fi tara shaida, Phillip Ackerman da Eric Heggestad sun samu alaƙar 0.33 tsakanin buɗaɗɗen tunani da basira a 1997. Jeromy Anglim da abokan aikinsa, da suka haɗa bincike 272 masu ɗauke da mutum fiye da 160,000 a 2022, sun samu 0.20. Me 0.20 ke nufi a aikace? Ɗauko mutum biyu ba tare da zaɓe ba, ka ce wanda ya fi buɗaɗɗen tunani shi ya fi basira. Za ka dace sau 56 cikin ɗari. Wanda ya rufe ido ya canka zai dace sau 50. Iyakar abin da harafin N zai gaya maka a kan mutum guda ke nan, kuma ita ce alaƙa mafi ƙarfi a cikin dukkan halayen.

Dalilin alaƙar ma ba asiri ba ne. Tambayoyin N suna neman sanin ko kana son ra'ayoyi da hasashe da wasa da kalmomi, gwajin basira da makaranta kuma suna saka wa wanda ya iya irin wannan tunani. Wanda abu ke zo masa da sauƙi yakan so shi, wanda yake son abu kuma yakan daɗe a kansa har ya ƙware. Raymond Cattell ya ga abin a matsayin zuba jari: mutum yana zuba ƙarfin ƙwaƙwalwarsa a inda sha'awarsa ta kai shi, shekaru su mayar da shi ilimi. Shi ya sa alaƙar ta fi ƙarfi da yawan kalmomin da mutum ya sani da faɗin iliminsa, ta fi rauni da saurin warware sabuwar matsala. Colin DeYoung ya ƙara raba buɗaɗɗen tunani gida biyu: son tunani mai zurfi da kwance ƙulli a gefe guda, son zane da kiɗa da mafarkin ido biyu a ɗaya gefen. Na farkon ne ya fi tafiya da basira, harafin N kuwa ya haɗe su duka wuri ɗaya.

Sauran haruffan ba su da abin faɗa sosai. Mutane suna ɗauka mai T ya fi mai F ƙwaƙwalwa, kamar dai tausayi da hujja ba sa zama a kai ɗaya, amma alaƙar sauƙin kai da basira kusan sifili ce. Abin da T da F suka fi bambantawa shi ne maza da mata: a alƙaluman Amurka kusan uku cikin huɗu na mata F suke fitowa, fiye da rabin maza kuma T, alhali matsakaicin makin basira na maza da mata kusan ɗaya ne. Son jama'a ma haka, alaƙarsa da basira ba ta taka kara ta karya ba. Saurin damuwa yana da 'yar alaƙa ta baya-baya, kusan 0.09, kuma wani kaso nata fargabar jarrabawa ce ke jawo shi.

J da P suna da labari mai koyarwa. A farkon shekarun 2000 Joanna Moutafi da Adrian Furnham sun samu cewa masu himma da tsari suna ɗan gaza maki a gwajin basira, aka ce wai da himma suke cike giɓin. Daga baya aka lura da su wa ake gwadawa: ɗaliban jami'a da manyan ma'aikata. Ka ga irin wannan wuri ana shigarsa ta ƙofa biyu. Wani ya shiga da kaifin ƙwaƙwalwa duk da sakacinsa, wani ya shiga da naci duk da abin yana ba shi wuya. Wanda ya rasa duka biyun bai shiga ba, don haka ba a ƙirga shi ba. Idan ka tsaya a ciki ka duba, sai ka ga kamar himma da basira kishiyoyi ne, alhali tacewar da aka yi a ƙofa ce ta kawo hakan. A manyan alƙaluma alaƙar kusan sifili ce. Abin da ya fi shafarka shi ne binciken Arthur Poropat na 2009, wanda ya nuna himma da tsari suna hasashen nasara a karatu kusan daidai da yadda basira ke yi. J ɗin da ka samu a shekara 36 riba ce.

Saura tambayar da ke ƙasan zuciyarka: a wannan shekarun, ƙwaƙwalwa ta fara ja da baya? Cattell da ɗalibinsa John Horn sun raba basira gida biyu, ta warware matsalar da ba ka taɓa gani ba, da ta ilimin da aka tara. Ta farko tana kai ƙololuwa da wuri, ta biyu tana ta hawa. Joshua Hartshorne da Laura Germine sun ƙara fayyace abin a 2015 da dubban mutanen da suka gwada: saurin aikin ƙwaƙwalwa yana kai ƙololuwa a wajen shekara 18 zuwa 19, riƙe abu a kai na ɗan lokaci yana ƙaruwa har wajen 25 ya fara sauka a wajen 35, karanta halin da mutum yake ciki daga idanunsa ya fi kyau a shekarun arba'in da hamsin, yawan kalmomi kuwa yana ƙaruwa har ƙarshen shekarun sittin. Ɗan sha tara zai riga ka gama lissafin da ba ku taɓa gani ba ku duka, kai kuma za ka gane inda magana ta dosa tun bai gama saurare ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Makin basira kuma da sa'anninka ake gwama ka, matsakaicinsa 100 a kowane rukunin shekaru, kuma matsayin mutum a nan ya fi matsayinsa a hali tsayawa. Sikotlan ta ba mu shaida mai ban mamaki a kan haka. Ranar 1 ga Yuni 1932 aka yi wa yara 87,498 da aka haifa a 1921 gwajin basira iri ɗaya. Bayan shekara 66 Ian Deary da abokan aikinsa suka nemo wasu daga cikinsu, suna da shekara 77, suka sake ba su gwajin nan dai. Alaƙar makin biyu ta kai 0.63. A ƙasar dai, a 1950 malamai sun auna halin yara 1,208 'yan shekara 14, aka sake auna 174 daga cikinsu a 2012, sai aka tarar kusan babu alaƙa tsakanin awon biyu, ko da yake a karon farko malamai ne suka yi awon, a na biyu mutanen ne da makusantansu, wanda hakan ma yana rage alaƙa. Ka ga ke nan haruffan hali suna iya yawo, basira tana nan kusa da inda take.

Wani abin lura idan ka ga jadawalin da ke cewa tsofaffi sun fi yawan S, ko makinsu ya yi ƙasa: yawanci an gwama mutane daban-daban ne a rana ɗaya. Ɗan saba'in da ɗan ashirin ba shekaru kaɗai suka raba su ba, zamani da yawan karatu ma sun raba su. James Flynn ya nuna makin basira ya riƙa hawa da kusan maki uku duk shekara goma a ƙarni na ashirin a ƙasashe da dama. Warner Schaie kuma, da ya fara bin mutane ɗaya a birnin Seattle tun 1956, ya ga a yawancin fannoni raguwa ta haƙiƙa ba ta bayyana sai an kai wajen sittin.

Idan son sanin matsayin basirarka kake yi, akwai gwaje-gwajen da aka gina don haka, kamar na Wechsler na manya da na siffofin Raven, kuma ƙwararre ne ke zaunar da kai ya yi maka su, ba tambayoyin minti goma a waya ba. Roƙona kuma, kada a ɗauki waɗannan haruffa a zaɓa wa yaro fannin karatu ko a hana wani aiki da su. Lambar 0.31 ta isa ta nuna yadda halin yaro ke motsi, kuma su kansu masu MBTI suna hana amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata.

Idan kuwa abin da ya kai ka sake gwajin shi ne kana jin ƙwaƙwalwarka ta yi nauyi, kana karanta shafi ka koma farko, kana manta alƙawarin da da ba ka mantawa, ko na kusa da kai sun fara lura, to wannan maganar likita ce. A shekarunka abubuwan da suka fi kawo haka su ne ƙarancin barci, gajiyar da ta taru, ciwon damuwa, ƙarancin jini ko na bitamin B12, matsalar tayirod, da wasu magunguna masu sa kasala. Yawancinsu ana gano su da hira da gwajin jini, kuma suna jin magani. Ka tafi da jerin magungunan da kake sha, ka kuma faɗa wa likitan awa nawa kake barci da lokacin da abin ya fara.